Kundin aiki: haɗa makirfon tebur mai amfilifaya da VOX, Kaduna

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Abin da ke kan benci tsohon makirfon tebur ne irin na 'yan CB, wato masu hira da juna ta oba-oba, mai gindin ƙarfe da dogon wuya, an tsinto shi cikin tarkacen Panteka. A cikin gindin akwai ɗan allo mai taransista biyu, da mazaunin batir 9V, da maɓallin ƙara ƙarfi da ake juyawa da sukudireba ta ƙasa. Za a haɗa shi da oba-oba ta Kenwood mai wat 100, mai soket fil takwas a gaba. So ake murya kaɗai ta tayar da watsawa, abin da ake kira VOX ke nan, hannu ya samu sararin rubutu da juya maɓallin neman tasha.

An kunna VOX, an yi magana, shiru. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. Da aka bi sandar da ake dannawa in za a yi magana da mitar awo sai aka ga harsuna uku take motsawa a lokaci guda. Na farko yana haɗa batir da allo. Na biyu, muddin ba a danna ba, yana haɗe wayar murya da ƙasa, wato layin komawar wuta, mita ta nuna 0.3Ω. Na uku shi ne PTT, wato wanda ke sa rediyo shiga watsawa in an danna. Wato kafin a danna, amfilifayar ba ta da wuta, kuma bakinta a toshe yake. VOX kuwa sai ta ji murya tukuna take tashi. Don haka dole harshe na farko da na biyu su fita daga hanya, na uku ya zauna yadda yake.

An auna abin da allon ke sha: 1.8mA. Batir 9V mai kyau yana ɗauke da wajen 500mAh, in aka bar allon a kunne dare da rana ba zai kai mako biyu ba. Masu arha da ake sayarwa a shagunan unguwa ko rabin haka ba za su yi ba. Batir ya fita daga lissafi, za a ɗauko wuta daga rediyon.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ranar soket. Rediyon kamfanonin Kenwood da Icom da Yaesu duk suna amfani da fulogi mai fil takwas mai kama ɗaya, yana shiga daidai ya ɗauru, amma jerin wayoyin ba ɗaya ba ne. A Kenwood, 1 murya, 2 PTT, 3 da 4 sauka da hawa, 5 wutar 8V, 7 ƙasan murya, 8 ƙasan PTT. A Icom muryar tana kan 1 ita ma, sai dai akwai wutar DC a kanta don ciyar da makirfonsu, 8V na kan 2, PTT na kan 5. A Yaesu muryar tana can kan 8, PTT kan 6. Wanda ya ari zane daga wani gida ya liƙa a wani, zai iya tura 8V kai tsaye zuwa ƙasa da dannawa ɗaya.

Wani tarkon kuma, zanen da ke littafi yakan nuna soket ta fuskar gaban rediyo, mai liƙa dalma kuwa ta bayan fulogi yake kallo, hagu ta koma dama. Maganinsa a daina ƙirga ramuka, a duba ƙananan lambobin da aka buga a jikin robar fulogin da gilashin ƙara gani, sannan a tabbatar da mita. An auna tsakanin 5 da 8, ya ba da 7.9V. An taɓa 2 da 8 da guntun waya, eriyar gwaji mai 50Ω, wadda ke shanye watsawa ba ta fitar da ita iska, a haɗe, rile mai mayar da rediyo daga saurare zuwa watsawa ya ƙwanƙwasa.

Fil na 5 ba rijiya ba ce. A littattafan Kenwood da dama an rubuta 10mA a matsayin iyakarsa. Wannan ne ya sa aka zaɓi rasista 1kΩ a kan layin, a can kusa da rediyo. In waya ta tsinke a ciki ta taɓa raga, wato saƙar ƙarfen da ke lulluɓe da igiyar murya, abin da zai wuce bai haura 8mA ba, rediyon ba zai ji komai ba. Kuɗin da aka biya shi ne faɗuwar kusan 1.7V, allon zai riƙa samun 6V da ɗoriya. An gwada shi a benci da 6V, muryar ta fito tsaf, domin ɗan abin da ake nema daga gare shi bai kai ya buƙaci cikakken 9V ba. A cikin gindin an sa kafasita 100µF mai 16V daga layin wuta zuwa ƙasa, da 10nF a gefenta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Tsohuwar waya mai lanƙwasa an cire ta, robarta ta bushe tana farfashewa, kuma igiyoyinta ba su isa ba. Sabuwar tana da igiya ɗaya mai ragarta ta kanta don murya, da wasu uku a waje: PTT, ƙasan PTT, da 8V. Tsawo mita ɗaya. Kada a yarda da wayar da aka cusa igiyoyi huɗu cikin raga ɗaya, duk lokacin da PTT ya motsa sai an ji ƙas a murya.

Ragar ta tafi fil 7 ita kaɗai, ita ce ƙasan allo. A asalin makirfon gefe ɗaya na harshen PTT a liƙe yake da jikin ƙarfen gindi. An yanke wannan, aka ba shi igiyarsa zuwa fil 8. Dalilin da masu ƙera rediyon suka raba 7 da 8 shi ne kada wutar PTT ta bi ta hanyar da 'yan milivolt na murya ke bi. In aka haɗe su a gindin makirfo an rushe wannan rabon.

Harshe na farko an tsallake shi da waya, allon na samun wuta muddin rediyo na kunne. Na biyu ba a jefar da shi ba. An huda gindin aka sa ƙaramin makunni a jere da shi. In makunnin na buɗe, babu abin da ke toshe murya, wannan shi ne VOX. In an rufe shi, makirfon ya koma halinsa na da, kurma ne sai an danna sanda. An zaɓi a riƙa kashe murya maimakon wuta saboda duk sanda aka ba allon wuta, kafasitocinsa na cika da wani bugu wanda VOX ke ɗauka a matsayin magana. An so sa 'yar fitila ta nuna VOX na buɗe, amma ko 1mA ta ja, wani 1V ne zai faɗi a kan rasistar. An ɗiga jan fenti a gefen VOX, ya wadatar.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yanzu VOX na tashi, har ma ta yi yawa. Jan kujera, tari a falo, hon ɗin Keke a bakin titi, kowanne sai rile ya amsa. Allurar ALC, mai nuna in murya ta yi wa rediyo yawa, tana dukan ƙarshen sikeli alhali maɓallin MIC na ƙarfin murya a jikin rediyo bai bar lamba 1 ba.

Nan ne asalin aikin yake. An gina wannan amfilifaya ne don a cika tsofaffin rediyon CB da ƙara, kuma an gina ta da sanin cewa sanda ce za ta riƙa rufe mata baki. Da maɓallinta a tsakiya, magana da ƙarfi a kusa ta ba da wajen 250mV a mita. Ƙofar makirfo ta oba-oba irin wannan kuwa an yi ta ne don makirfon hannu mai fitar da 'yan milivolt. Abin da ke shiga ya ninka abin da ake buƙata sau ashirin ko fiye. Duk wanda ya ce a ƙara VOX GAIN, maɓallin saurin jin VOX, ko a rage shi a wannan hali, bai taɓo ciwon ba.

Ana iya murɗe maɓallin gindin zuwa ƙasa a huta, mutane da yawa haka suke yi. Ba a bi wannan ba saboda dalili biyu. Na ɗaya, a can ƙarshen zagayensa motsi kaɗan ke raba shiru da ihu, ga ƙurar shekaru a ciki tana ƙarce-ƙarce. Na biyu ya fi nauyi. In aka rage murya a gindi, 'yan milivolt ne za su yi tafiyar mita ɗaya cikin waya, duk gunjin da wayar ta kwaso a hanya zai shiga rediyo da cikakken ƙarfinsa. In kuwa aka bar muryar ta taho da ƙarfi aka rage ta a bakin rediyo, da ita da dattin da ta kwaso za a rage tare.

Saboda haka an sa ɗan akwatin alminiyam a kan wayar, santimita 10 daga fulogi. A cikinsa, a kan layin murya: kafasita 47nF, sai rasista 10kΩ a jere, sai 1kΩ daga nan zuwa raga, fil 1 ya ɗauka daga mahaɗar biyun. Rasistocin sun rage ƙarfi zuwa kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya, kusan 21dB, ƙofar rediyon kuma ta ƙara ja ƙasa kaɗan. Rasistar 1kΩ ta layin wuta ita ma nan ta koma.

Ita 47nF ba don tare DC kawai aka sa ta ba. Tare da 11kΩ da ke bayanta tana fara yanke duk abin da ke ƙasa da 300Hz. A 50Hz ragin ya kai wajen 16dB. SSB, salon watsa murya da ake amfani da shi a nan, dama daga wajen 300Hz zuwa 2700Hz take ɗauka, don haka wanda ke sauraro bai yi asarar komai ba. Amma VOX tana jin abin da tacewar SSB ke zubarwa, kuma a nan unguwar abin da ke ƙasa da 300Hz ba kaɗan ba ne. Ƙaramin janareto mai ba da 50Hz yana juyawa sau 3000 a minti, rugugin nan nasa yana ratsa bango ya hau ƙafar tebur.

Bayan wannan, maɓallin gindi a tsakiya, MIC a wajen kashi ɗaya cikin uku, ALC na wasa a cikin yankinta.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Gajeren aiki. Fankar rediyo da bugun rile suna bi ta katakon tebur su shiga gindin ƙarfe. Alamarsa, rile ya saki, bugun sakin ya sake tayar da shi, tak-tak-tak ba iyaka. An ɗaga makirfon a hannu, ya daina nan take. Ƙafafun robarsa sun zama dutse. An yanko da'ira biyu daga tsohon tub ɗin babur, aka sa soso mai kauri santimita ɗaya a tsakaninsu, aka ɗora gindin a kai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An cire eriyar gwaji aka haɗa ta gaske, waya mai reshe biyu a saman rufin kwano, kebul ɗinta na saukowa ta gefen taga. A 7MHz lafiya lau. A 14MHz da 21MHz, da zarar ƙarfi ya haura wat 40, kalma ɗaya ta isa: rediyo ya shiga watsawa ya ƙi fita, ko an yi shiru, sai an kashe VOX da hannu.

Yadda abin ke faruwa shi ne, igiyar rediyon da ake watsawa tana dawowa ɗaki, ta hau wayar makirfo da wuyansa, ta isa taransista ta farko. Mahaɗar da ke tsakanin bes da emita, biyu daga ƙafafun taransista, tana aiki kamar dayod, ta mayar da igiyar zuwa sauti. Sautin ya shiga rediyo, ya fita ta eriya, ya sake dawowa. VOX na ganin murya ba ta yanke ba. Abu uku suka tabbatar da haka: a kan eriyar gwaji ba ya faruwa ko a wat 100, in aka sauke ƙarfi zuwa wat 10 yana saki, in aka kama wuyan makirfon da hannu allurar ALC na canja wuri.

An fara daga tushe. Eriyar ba ta da abin da ke hana wuta biyo bayan ragar kebul, wato kebul ɗin kansa ya zama reshe na uku yana watsawa a bakin taga. An naɗa kebul RG-58 zagaye 11 a kan zoben ferait FT240-43, mai danne igiyar rediyo da ke biyo bayan raga, aka sa a mahaɗar eriya cikin robar da ruwa ba ya shiga. Wannan kaɗai ya gyara 14MHz, ya ɗaga iyakar 21MHz zuwa wajen wat 70.

Sauran a gindin makirfo aka ƙarasa. An sa 1nF tsakanin bes da emita na taransista ta biyu, ƙafafu gajeru ƙwarai, domin doguwar ƙafa a irin 14MHz da 21MHz ita kanta eriya ce. A 14MHz 1nF tana tsayawa kamar 11Ω, a 3kHz kuwa ta haura 50kΩ, wato tana shanye igiyar rediyo ta bar murya. A ta farko 100pF aka sa, saboda kan makirfon na siramik ne mai son ƙofa mai tsananin turjiya, babbar kafasita za ta danne shi. Sai wayar makirfo zagaye 4 cikin ferait mai maƙalawa dab da akwatin alminiyam.

Abu na ƙarshe da ido ba ya gani: inda wuya ya shiga gindi akwai fenti da tsatsa a ƙarƙashin noti. Mita ta nuna wuyan ba ya haɗe da gindi kwata-kwata, sandar ƙarfe ce kawai a tsaye kusa da kan makirfo. An kankare da sanfefa, aka sa wasa mai haƙora. Wat 100 a 21MHz, VOX na saki.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Saitin maɓallai. Jerin yana da muhimmanci, in aka fara ta baya sai an sake komai.

Nisan baki ne farko. Duk rabin nisa da aka rage, murya na ƙaruwa da kusan 6dB a kan makirfo, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Daga santimita 30 zuwa 7 ko 8 an ci 12dB, wanda za a iya cirewa daga ƙarfin amfilifaya. Babu kafasita ko ferait da za su ba da irin wannan riba. Makirfon tebur na ruɗin mutum ya jingina da kujera ya yi magana daga nesa, a kan VOX wannan ba zai yiwu ba. An ɗora gindin a kan katako har kan ya zo daidai leɓe, an karkatar da shi gefe kaɗan, an sa masa hular soso don iskar baki.

Sai MIC, a kan eriyar gwaji, ana danna sanda, na'urar matse murya a kashe, har ALC ta tsaya cikin yankinta. Daga nan ba a sake taɓa shi.

Sai VOX GAIN, da lasifika a rufe. Daga ƙasa ake hawa har magana ta yau da kullum ta tayar da rile, a ƙara ɗan kaɗan, a tsaya. Gwajin da ya fi tona asiri shi ne lambar kira. Ta Najeriya da 5N take farawa, a iska kuma Five November ake cewa, harafin farkon iska ce zalla marar ƙarfi. In saitin ya yi ƙasa, wancan gefen zai ji rabin kalmar. Haka sallama, sin ɗin farko kan ɓace. An saurara da wani rediyo a ɗaki na gaba har farkon ya riƙa fita cikakke.

Sai DELAY, wato ɗan jiran da VOX ke yi bayan an yi shiru kafin ta saki. Maɓallin ba shi da lambobi, don haka an ɗauki sautin rile da wayar hannu aka duba tazarar a manhajar sauti. A kashi uku cikin goma na daƙiƙa rile na faɗuwa tsakanin kalmomi, abin da ke cinye shi da wuri kuma ya gajiyar da mai sauraro. In ya wuce daƙiƙa ɗaya, abokin magana ya riga ya fara amsa kafin kunne ya buɗe. An tsaya a wajen 0.6.

ANTI ne ƙarshe. Yana ɗebo samfurin sautin da rediyo ke tura wa lasifika ya yi amfani da shi wajen danne VOX. An buɗe lasifika daidai yadda ake saurare, aka nemo tasha mai ƙarfi a 7MHz da yamma, aka ɗaga ANTI har rile ya daina amsa mata. In aka zarce, sai mutum ya yi ihu kafin ya katse tasha mai ƙara. Lasifikar an juya ta ta kalli bango, bayan makirfon na fuskantarta. Mai sa abin kunne ba ruwansa da wannan maɓalli.

A sani cewa ANTI sautin rediyon kaɗai ya sani. Bai san lasifikar masallacin layi ba, bai san mai tallan ruwa ba, bai san yara sun taso daga Islamiyya ba. An gwada da kiran sallar la'asar, taga a buɗe, a kan eriyar gwaji: ya tashi. Taga a rufe bai tashi ba. Duk abin da ya fita ta eriya da lambar mai lasisi ya fita, har da hirar cikin gida. Ƙa'idar tebur ɗin yanzu ita ce, in za a tashi daga kujera ko an yi sallama a ƙofa, makunni ya bar jan fenti.

Asabar, 7 ga Disamba

Hunturu ya kankama, ya zo da nasa. Iska ta bushe, mutum ya taso daga kujerar roba ya taɓa wuyan makirfo, tartsatsi ya yi tsalle, rediyo ya shiga watsawa. Jikin ƙarfen a haɗe yake da ragar murya, don haka bugun ta fil 7 yake bi, hanya mafi laushi a duk rediyon.

An raba su. Jikin gindi da wuya sun samu waya mai kauri ta kansu zuwa notin ƙasa da ke bayan rediyo. Ƙasan allo ya zauna a kan raga. Tsakanin biyun an sa 10nF, yadda a wurin igiyar rediyo a haɗe suke, a wurin 50Hz a rabe. An sake gwada 21MHz a wat 100, bai koma halinsa ba. Tartsatsin na nan, ana ɗan jinsa, amma bai isa tayar da VOX ba.

An kuma lura da wani zuzu mai kaifi da ke shigowa in an ɗauke wuta an koma inbata. Da aka ciyar da rediyon kai tsaye daga batir 12V ya ɓace. Cajar kwamfuta da ke kan tebur ɗaya ita ma tana ƙara nata in kebul ɗinta ya kwanta a kan wayar makirfo. An raba hanyarsu, inda dole su haɗu an sa su gicciye.

Asabar, 14 ga Disamba

An yi amfani da shi a 7MHz da safe da 14MHz da yamma. Rahoton da ake samu shi ne murya a sarari, ba kauri, babu yankewar farkon kalma. Da janareton maƙwabta a kunne VOX ba ta tashi da kanta, amma da fankar sama a lamba mafi ƙarfi takan riƙe watsawa fiye da kima bayan an yi shiru, domin iskar na dukan kan makirfon kai tsaye. Yanzu sanyi ne ba a damu ba. Zafin Maris da Afrilu ba zai bari a kashe fanka ba.

Kan siramik ɗin yana ji ta kowane gefe. An samo kan makirfon hannu irin na masu wa'azi, mai 600Ω, wanda ya fi ji ta gaba ya rage na baya. Faɗinsa ya fi ramin da milimita 3, sai an fefe zoben ciki, kuma dole a bar ramukan bayansa a buɗe, in aka toshe su ya koma ji ta ko'ina. Abin da yake fitarwa bai kai na siramik ba, don haka 10kΩ da ke akwati za ta sauka zuwa 4.7kΩ, 47nF kuma ta hau 100nF don yankan ya zauna kusa da 300Hz. Ba a samu 100nF ta fim a shagunan da aka duba a Kasuwar Gumi ba, ta siramik ce kawai, ita kuwa takan ɗauki girgiza ta mayar da ita sauti. An ba da saƙo a kawo daga Kano.